Wanda Ya Wanke Murmushin Umma

"Ko shi kaɗai ya rage namiji a bayan ƙasa, ba zan ba shi ke ba, Uwata."

Baba bai ɗaga murya ba. Da faɗa ya yi da na ji dama-dama, don faɗansa ba ya kwana. Amma idan ya yi magana a hankali, yana juya tsohon buroshin nan nasa da gashinsa ya ƙare a tsakanin yatsu, to magana ta zauna.

Ina durƙushe a gaban kujerarsa. A bango, sama da kansa, ƙusa ce tsirara da wani fili da ya fi sauran bangon haske. Nan zanen Umma yake rataye tun kafin in yi wayo. Yanzu yana ƙasa a bayan kabad, an juya fuskarsa bango.

"Baba, kuskure ne. Wallahi bai sani ba."

"Na san bai sani ba. Shi ne ma abin da ya fi mini ciwo. Mutum ya sa hannu a abin da bai sani ba, kuma ya tsaya yana jiran a gode masa."

Gwaggo, yayar Baba, wadda ta riƙe ni tun rasuwar Umma, tana gefe tana ninke wanki. Ba a tambaye ta ba, amma Gwaggo ba ta taɓa jiran a tambaye ta ba.

"Ni dama tun farko ban ga abin so a jikin mai wankin hoto ba. Mutane na wankin mota, na wankin kaya, shi ya rasa abin wankewa sai matar mutane."

Bari in faɗa muku yadda aka yi, kada ku ɗauka Baba mugu ne.

Baba mai zane ne irin na da, na fenti da ƙyalle. A hannunsa na koyi riƙe fensir. Da na tashi sai na bi ɓangaren da ake samun aiki, ina zana bangon littattafai da hotunan littattafan yara a wani kamfanin ɗab'i. Shi kuwa yanar ido ta fara rufe masa gani, hannunsa na rawa, ko layi ɗaya ba ya iya ja yanzu.

A duk abin da ya zana, na Umma ne kaɗai ya hana a fitar daga gida. Ina jaririya ya yi shi, kuma ta rasu kafin in iya tafiya. Ban san fuskar uwata ba sai a nan: mace zaune kusa da taga tana murmushi. Shekaru da hayaƙin kicin sun taru a kansa har ya koma kalar shayin da aka manta a kofi. Murmushin ne kawai ake gani sosai.

Shi kuma wanda ake rigimar a kansa, a gidan adana tsofaffin zane-zane yake aiki, yana gyara waɗanda suka lalace. Ni na sa masa suna Mai Auduga, don ba ka raba shi da tsinke mai auduga a kai, ko a hannu ko a bayan kunne. Can nake gudu duk ranar da na gaji da zana 'yan mata masu idon da ya kusa cinye fuska. Shi ya koya mini in tsaya a gefen zane, in bar haske ya kwanta a kansa, in ga inda buroshi ya yi sauri da inda ya yi shakka. Akwai wani tsohon zane a can, na wata tsohuwa tana sa zare a allura kusa da fitila. Wata rana ya nuna mini cewa mai zanen ya sauya wa hannunta wuri, hannun farko na nan a ƙarƙashi yana leƙowa. Ya ce, "Kin gani, har manya na kuskure su gyara." Idona na kan hannun tsohuwa, amma zuciyata ta riga ta tafi inda ba ta dawo ba har yau.

Da maganarmu ta yi ƙarfi sai dabara ta zo mini, irin dabarar masu soyayya da ba ta da ƙafa. Na ce bari ya shigo gidanmu da abin da Baba ba zai manta ba. Da Baba ya tafi ya kwana biyu wajen ƙaninsa, na sauke zanen na kai masa ya wanke.

Ya tambaye ni, "Akwai wanda ya taɓa shi bayan an gama?"

Na ce an taɓa ba wani mai firam ya gyara gefensa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ranar da Baba ya dawo, Mai Auduga ya zo cikin kayansa mafi kyau, ya gaishe shi, ya yaye mayafin da ya rufe zanen. Ashe rigar Umma shuɗiya ce. Ashe akwai ƙofa a gefenta, akwai haske a kumatunta. Sai dai bakinta a rufe yake, babu murmushi ko kaɗan, kanta ya ɗan karkata wajen ƙofar, ga gajiya kwance a ƙarƙashin idonta.

Shi kuma bawan Allah, da farin cikinsa, ya ce, "Baba, wani ne daga baya ya zo ya ɗora mata murmushi a saman man da ake shafa wa zane. Hannu ne mai rawa, ya cika fenti, ko kalar bai daidaita ba. Na cire shi a hankali. Wannan na ƙasa shi ne aikinka, kuma ban taɓa ganin bakin da aka zana da kyau haka ba."

Baba ya matso kusa da zanen. Can ya ce, "Hannuna ne. A makon da muka binne ta na yi shi. Kuka nake yi, shi ya sa ya yi rawa."

Tun daga ranar aka juya zanen bango, aka kuma rufe wa Mai Auduga ƙofar gidanmu.

To yau ga ni durƙushe, hawaye na sauka har a kan tafin ƙafar Baba.

"Baba, ni na ɗauka na kai masa. In hukunci ne ni ya kamata a yi wa. Ban taɓa roƙonka komai irin wannan ba. Ka dubi maraicina."

"Maraicinki nake dubawa. Abu ɗaya uwarki ta bar mana da muke kallo mu ji sanyi, ya goge shi da auduga ya jefa a kwandon shara."

"Ka faɗi abin da zai yi ka yafe masa. Ko mene ne."

Baba ya ajiye buroshin a hannun kujera. Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta da daɗin ji.

"Ya mayar da abin da ya cire. Ya mayar mini da murmushinta yadda yake. In ya iya wannan, ya zo mu yi magana."

Gwaggo ta kaɗe zanin da ke hannunta ta ce, "An ce wa kare ana biki a gida, ya ce in gani a ƙasa."

Ni kuwa na tashi da sauri ina share fuska, don a kunnena wannan ba ƙi ba ne. Ƙofa ce aka bari a sakaye.

Washegari na kai aiki ofis. Manajan kamfaninmu shi ne ɗan takarar Gwaggo, kuma abin haushin shi ne ba shi da aibin da zan kama. Ba tsoho ba ne, ba mummuna ba, ba shi da mata, ba ya ɗaga murya. Shi ya samo wa Baba likitan ido. Da ma yana da warin baki ko rowa, da na sami abin faɗa wa Gwaggo.

Na shimfiɗa masa bangon sabon littafi a tebur. Kwana da kwanaki na yi a kansa har wuyana ya sanƙare. Ya ɗauki jan biro, ya zagaye bakin yarinyar da ke jiki, ya rubuta abin da yake rubuta mini kullum: a ƙara murmushi.

"Ranka ya daɗe, gidansu ne fa ya ƙone a cikin labarin."

"Na sani. Amma ba wanda zai sa hannu a aljihu don fuska a murtuke. Ki ɗan ɗaga mata gefen baki, kin fi kowa iyawa."

Gaskiya ya faɗa. Na sa wa marayu murmushi, na sa wa marasa lafiya, na sa wa akuya da kifi a littafin 'yan aji ɗaya. In aka tashe ni daga barci zan zana murmushi ido rufe.

Ina tattara takarduna ya ce, "Gwaggo ta gaya mini abin da ya faru a gida. Ban ji daɗi ba."

"Na gode."

"Ranar ganin likita ni zan kai Baba da kaina. Kuma ba matsa miki nake ba, Malama, amma kin san inda na tsaya. A gidan da na gina akwai ɗaki mai babbar taga, tun ana aza tubali ke nake gani a ciki kina zane."

Na ce, "Allah ya sanya alheri," irin wadda ake ce wa mai talla in ba za a saya ba. Ya gane, amma ya yi murmushi. Shi ko ba a rubuta masa da jan biro ba yana da shi a ajiye.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai gidan zane-zane. Na sami Mai Auduga a ɗakin aikinsa na baya, inda warin ruwan wanke fenti ke shiga har maƙogwaro. Ya rame. Yana sunkuye a kan wani zanen jirgin ruwa, amma audugar hannunsa fara ce tas, alamar ya daɗe bai taɓa komai ba.

"Baba ya ba da hanya," na ce tun kafin in zauna. Na gaya masa sharaɗin. "Ka ɗauki hotonsa kafin ka wanke, ko ba haka ba? Ka duba ka mayar. Aikin yini ɗaya ne a wurinka."

Ya zare tsinken daga bayan kunnensa ya ajiye. 

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Duka biyun. Abin da Baba yake nema ba lanƙwasar baki ba ce. Makon da ya rasa ta yake nema, da hannunsa na lokacin. Wannan na goge shi, kuma laifina ne. Ya kamata in dakata in tambaye shi kafin in taɓa. Na ga hannu mai rawa na yanke hukunci, don ina ɗokin in burge shi. Ba na barci saboda wannan. Amma in na kwaikwayi rawar hannunsa na ce masa ga shi ya dawo, na cuce shi sau biyu."

"To ka cuce shi sau biyun. Ba ya gani sosai, ba zai gane ba."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ni ma na ji kunyar abin da na faɗa, amma ban janye ba.

"Kuma akwai na ƙasan," ya ce a hankali. "Kin tsaya kin kalle shi kuwa? A ɗakunan nan akwai zanen da mutane ke tahowa daga nesa don su gani, kuma wallahi bakin nan da Baba ya zana zai zauna a cikinsu ba kunya. Mace ce mai rai, tana tunanin wani abu. Ki ce in rufe ta da hannuna?"

"Ni fa? Ni ba mai rai ba ce?" na ce. "Kullum Gwaggo na kaina, safe da yamma, Manaja kaza, Manaja kaza. Baba ba ya cin abincin kirki. Ni kaɗai nake tsaye a tsakiya kowa na ja. Na zo maka da hanya ɗaya da ta rage, kana gaya mini darajar fenti."

"Zan je in durƙusa masa. Ko sau nawa ne. Ya zage ni, ya kore ni, in koma."

"Ai ka riga ka je, ya ƙi fitowa. Ka manta?"

"Zan sake zuwa."

"Kafin ka gama sake zuwa an ba wani ni." Na fashe da kuka sosai, irin wanda ba ya barin mutum ya yi kyau. "Ka faɗa mini gaskiya tunda kai ba ka iya ƙarya ba. Ni da zanen nan wa ka fi so?"

Idonsa ya kawo ruwa. "Ke. Kin sani. Amma in na fara zama da ke a kan na yaudari mahaifinki, duk ranar da ya kira ni ɗansa zan ji kamar na yi sata."

Na ɗauki jakata. Ina son mutumin nan saboda gaskiyarsa, kuma a ranar ji na yi kamar in shaƙe shi saboda ita. A bakin ƙofa na juyo na ce, "Ranar da za a kai Baba asibiti ka zo gidanmu bayan azahar. Kada ka tambaye ni dalili."

Ranar ta zo. Da hantsi motar Manaja ta tsaya a ƙofar gida, Gwaggo ta shiga gaba tana gyara zama kamar da kuɗinta aka saya. Suna ɓacewa na kulle ƙofa, na jawo zanen daga bayan kabad, na jingina shi a kujera kusa da taga. Na buɗe akwatin fentin Baba. Wasu sun bushe sun zama dutse, amma ja da fari da ruwan ƙasa suna da sauran rai.

Ina da hoton zanen na da a wayata. Na ajiye madubi a gefe, don kowa na cewa bakina na Umma ne.

Sai na yi abin da ban yi ba tun ranar da aka yaye mayafin. Na tsaya a gefe, yadda aka koya mini, na kalle ta.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Duk rayuwata na ɗauka uwata mace ce mai murmushi, wadda ba ta gajiya, ba ta da damuwa, shi ya sa ban taɓa jin ta kusa da ni ba. Wannan kuwa na san ta. Na sha ganin wannan fuskar a madubi in aiki ya sha mini kai. Leɓenta na ƙasa ya ɗan shige ciki kamar tana riƙe da magana. Na ji ina son in tambaye ta me take kallo a ƙofar nan.

"Ki yafe mini, Umma," na ce. "Ke kin riga kin yi naki auren."

Na haɗa kala. Na yi wa madubi murmushi, hawaye na bin gefensa, na kwafa. Na sa fenti da kauri, na bar hannuna ya yi rawa da gangan, ko da yake ba sai na yi da gangan ba. Kafin azahar Umma ta koma tana murmushi. Na rataye ta a ƙusarta, na buɗe tagogi don warin ya fita.

Mai Auduga ya riga su isowa da kaɗan. Yana shiga falo ya ɗaga kai, ya tsaya cak.

"Me kika yi?"

"Abin da ka ƙi yi. Ba na neman ka zana komai. In ya tambaye ka, ka ce e. Kalma ɗaya ce. In kana sona ka ce e."

Bai kai ga amsawa ba muka ji sallamar Gwaggo. Ta shigo riƙe da hannun Baba, tana ba shi labarin sanyin motar Manaja. Da ta ga wanda ke tsaye sai ta saki hannun.

"Wa ya ba wannan izinin shigo mana gida?"

"Baba ne," na ce. "Ya ce in an mayar ya zo. Baba, duba bango."

An ɗiga wa Baba magani a ido, yana ta ƙifta su. Ya taka a hankali har gaban zanen. Ya ce a sauko da shi. Na sauke, na riƙe masa a hasken taga. Ya kawo fuskarsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa ƙyallen. Ya bi bakin da kallo daga wannan gefe zuwa wancan. 

Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Yaro."

"Na'am, Baba."

"Kai ka mayar?"

Na dubi Mai Auduga. Duk roƙon da na iya a duniya na zuba shi a idona.  Ya dube ni, kuma tun kafin ya buɗe baki na san na rasa.

"Ba ni ba ne, Baba."

Na kawar da kai daga gare shi. 

"Na sani," in ji Baba. "Gefen hagu ya fi na dama ɗagawa. Tun tana 'yar ƙarama nake hana ta wannan, ba ta ji ba." Ya sa ɗan yatsa ya taɓa, ya duba jan da ya biyo shi. "Uwata, wannan ai murmushin bangon littafi ne. Shi kika sa wa uwarki?"

"Baba, ka yafe mini. Na rasa yadda zan yi ne. Ina son sa, Baba. Ban san yadda zan daina ba."

Gwaggo ta tafa hannu. "To ka gani. Har ya koya mata ha'inci."

"Yaya, da shi ya koya mata da ya ce e." Baba ya laluba kujerarsa ya zauna. Ya daɗe yana kallon yatsansa. "Yaro, audugar taka na nan?"

"Tana nan, Baba."

"Bai bushe ba. Cire shi. A gabana wannan karon."

Mai Auduga ya durƙusa. Ya ciro 'yar kwalba daga jakarsa, ya naɗa auduga a tsinke.  Kaɗan-kaɗan yake murzawa, yana sauya auduga, aikina na safiya yana tafiya a jikinta. Gefen hagu ya fara tafiya, sannan na dama. Bakin Umma ya fito a rufe yadda yake.

Baba ya ce a matso masa da ita. Ya ɗora ta a gwiwarsa.

"Na tuna ranar nan," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ta gaji. Kin hana ta barci. Na ce ta zauna kafin hasken taga ya wuce. Sai kika fara kuka a ɗaki. Ta ce bari ta je, na ce ta ɗan ƙara haƙuri, saura kaɗan." Ya shafa gefen firam ɗin. "Ba ƙofa take kallo ba, Uwata. Ke take saurare."

Na toshe bakina da mayafi.

"Da ta rasu na kasa kallon wannan fuskar. Kullum sai in ga kamar tana cewa in bar ta ta tashi. Shi ne na rufe." Hawaye ya gangaro cikin gemunsa, bai share ba. "Na rufe miki uwarki shekara da shekaru ban sani ba."

Ya ɗaga kai wajen Mai Auduga, wanda har yanzu yake durƙushe da jar auduga a tafin hannu.

"Tashi daga ƙasa, yaro. Ga kujera, zauna."

 Tunda aka fara wannan rigima, yau ne Baba ya ba shi wurin zama. Ya miƙe, ya kama hannun kujerar, ya fara sunkuyawa.

"Zama na me?" in ji Gwaggo. Ba ta ɗaga murya ba ita ma, abin gado ne. "Ka manta abin da ka faɗa a mota? Ko maganin idon ne ya shiga kai?"

 Na ga hannun Baba ya ƙanƙame firam ɗin.

"Baba, me ka faɗa a mota?"

Bai dube ni ba. "Na ɗauka ba mai iya mayarwa. Na ɗauka magana ta ƙare." Ya sunkuyar da kai. "Na ce wa Manaja ya turo manyansa."

"Yau da la'asar," Gwaggo ta ƙarasa masa. "Ya tafi ɗauko su. Kuma kowa ya san ƙanina ba ya magana biyu."

Wannan gaskiya ne, duk dangi sun shaida. Baba bai taɓa faɗar magana ya janye ba, ko da za ta ci shi.

Mai Auduga bai zauna ba. Ya saki hannun kujerar, ya tattara audugarsa ya zuba a aljihu don kada ya ɓata mana falo. Ya russuna ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya." Ya nufi ƙofa bai yarda mun haɗa ido ba.

Ina son in bi shi, ƙafata ta ƙi. Ina tsaye kusa da taga, kaina ya karkata wajen ƙofar, ina sauraren takunsa yana nisa a tsakar gida.

"Ke kuma je ki wanke fuska ki sauya kaya," in ji Gwaggo. "Baƙi na tafe. Kuma ki saki ranki, kada ki fito wa mutane haka kamar an yi mutuwa. Ki yi murmushi."

Baba ya dubi zanen da ke gwiwarsa. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe, yana ƙifta idon nan nasa da ba ya gani sosai. Ya sake duban zanen.

A waje aka danna hon ɗin mota.

"Ƙyale ta, Yaya," ya ce. "Kada wanda ya ƙara ɗora wa wata murmushi a gidan nan."